Kakar zaɓe a Amurka: inda bakin baƙo ke da 'yanci, da inda hannunsa ba shi da

Wanda ya sauka Amurka a shekarar zaɓen shugaban ƙasa zai ga kamar babu maganar da ake yi a ƙasar sai ta 'yan takara. Allunan sunayensu a kafe a ƙofar gidaje, tallarsu a talabijin dare da rana, saƙon neman gudummawa yana faɗowa waya daga lambar da ba a sani ba, abokin aiki kuma yana tambaya wa kake so. Mu da muka fito daga inda siyasa abin hira ce ga kowa, shiga wannan muhawara ba ta yi mana wuya. Abin da ke ba mutanenmu matsala shi ne rashin sanin inda magana ta ƙare, doka ta fara. Doka ba ta hana baƙo faɗin ra'ayinsa, amma ƙuri'a da kuɗi suna da iyakoki masu tsauri, kuma wanda ya ƙetare su, ko da cikin rashin sani ne, takardun zamansa yake jefawa cikin haɗari.

A fara da ƙuri'a, don a nan ne aka fi yin asara. A zaɓen tarayya, wato na shugaban ƙasa da na 'yan majalisa, ɗan ƙasa kaɗai ke da ikon zaɓe. Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ba ɗan ƙasa ba ne, ko da ya shekara ashirin yana biyan haraji, balle mai bizar karatu ko ta aiki ko mai neman mafaka. Dokar da aka yi a 1996 ta mayar da ƙuri'ar baƙo laifi mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda, kuma dalili ce ta kora daga ƙasar. Mafi muni shi ne mutum ya ce shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba: wannan kan rufe masa ƙofar samun takardu har abada, kuma kusan babu hanyar neman afuwa.

Yawancin waɗanda suka faɗa wannan rami ba da niyyar maguɗi suka faɗa ba. Ofishin lasin tuƙi ne ke kama su. Wata doka ta 1993 ta wajabta wa ofisoshin lasin na mafi yawan jihohi su tayar wa mai neman lasin da maganar rajistar zaɓe, wasu jihohin ma sun haɗa abin biyu a na'ura ɗaya. Mutum yana sauri, Turancin bai zauna masa ba tukuna, allo yana ta jero tambayoyi yana danna “e”, har ya danna wa tambayar ko shi ɗan ƙasa ne. Sa hannun da ya yi a ƙarshe a matsayin rantsuwa yake. Bayan makonni katin zaɓe ya iso ta gidan waya, sai ya ɗauka ai tunda hukuma ce ta aiko, ya halatta. Bai halatta ba. Haka ma matasan da ke tsayawa da takardun rajista a bakin kantuna da tashoshin jirgi: aikinsu su cika fom, ba su ne za su tsaya maka gaban alƙalin shige da fice ba. Abin yakan kwanta shiru na shekaru, sai ranar da aka zo cika fom ɗin zama ɗan ƙasa, N-400, inda aka yi tambaya ƙarara ko ka taɓa rajista ko ka taɓa jefa ƙuri'a. Rajistar masu zaɓe ba a ɓoye take ba. Ba ta nuna wanda ka zaɓa, amma tana nuna ka yi zaɓen.

Idan ya riga ya faru, ɗan'uwa, kada ka je rumfar zaɓe. Nemi lauyan shige da fice na gaske kafin ka rubuta wa kowa komai, ba masu cika wa mutane fom a lungu ba. Da shawararsa za ka rubuta wa ofishin zaɓe na gundumarka a soke rajistar, ka karɓi shaidar sokewar a rubuce, ka nemi kwafin fom ɗin da ka sa wa hannu tun farko, ka ajiye. Ranar tantancewa kuma ka faɗi gaskiya, don ƙaryar da aka kama ta fi rajistar kanta illa. Kada labarin wasu garuruwa ya ruɗe ka. Gaskiya ne Takoma Park a jihar Meriland da birnin Washinton suna barin baƙi su zaɓi shugabannin gari, amma zaɓen gari ne kawai. Birnin Niyok ya yi irin wannan doka, kotun ƙoli ta jihar ta soke ta a Maris 2025.

Kuɗi kuma nasa tsarin daban, kuma a nan mai girin kad ya fi sauran baƙi dama. Shi doka ta yarda ya ba ɗan takara gudummawa kamar ɗan ƙasa. Mai biza, ɗalibi, mai neman mafaka da wanda ba shi da takardu, duk an hana su, ko dala ɗaya ce. Wurin da ake zamewa shi ne hula da riga: abin da ka saya a shagon intanet na kwamitin kamfen gudummawa ce a idon doka, shi ya sa kafin ka biya ake sa ka tabbatar kai ɗan ƙasa ne ko mai girin kad. Tikitin liyafar tara kuɗi ma haka. Ba ya halatta ka miƙa wa ɗan'uwanka ɗan ƙasa kuɗi ya bayar da sunansa, ku biyun ne a cikin laifi. Ga wanda ya halatta masa, iyakar abin da mutum zai ba ɗan takara ɗaya a zaɓen 2024 dala 3,300 ce a fidda gwani, da wata 3,300 a babban zaɓe. Tsabar kuɗi kuwa ba ta wuce dala 100. Da zarar jimillar ta haura dala 200, sunanka da garinku da sana'arka da wurin aikinka za su fito a shafin hukumar zaɓe ta tarayya, kowa na iya dubawa. Aikin sa kai ba tare da albashi ba, kamar buga waya ko rarraba takardu, an yarda wa baƙo, muddin ba ya cikin masu yanke shawarar kamfen.

Sai muhawarar da 'yan takarar shugaban ƙasa ke yi a talabijin. Ba doka ce ta kafa ta ba, al'ada ce, kuma ɗan takara na iya ƙi. Ta farko a talabijin ita ce ta Kennedy da Nixon a 1960, daga nan aka yi zaɓe uku ba a sake ba sai 1976. Daga 1988 zuwa 2020 wata hukuma mai zaman kanta ce ke shiryawa, kuma daga 2000 sharaɗinta shi ne ɗan takara ya kai kashi 15 cikin ɗari a ƙuri'un jin ra'ayi, abin da ya sa ba a ganin kowa a dandalin sai na Dimokurat da na Rifablikan. Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa a 1992, shi kaɗai ya taɓa tsayawa tare da su biyun. A 2024 ɓangarorin biyu suka tsallake hukumar suka daidaita da gidajen talabijin kai tsaye: CNN a Atlanta ranar 27 ga Yuni, ABC a Filadelfiya ranar 10 ga Satumba. Minti 90 ba 'yan kallo, ba takardar da aka rubuto daga gida, minti biyu na amsa, kuma a kashe makirufon wanda ba lokacinsa ba ne. Wanda ya tuna yadda aka yi muhawarar Najeriya ta 2019 ba Buhari ba Atiku zai iya ɗauka abin wasan kwaikwayo ne kawai. A mafi yawan lokuta ba ta sauya ra'ayin mutane da yawa, amma ta Atlanta ta sauya ɗan takara ɗungurungum: Biden ya kasa kare kansa a idon mutane sama da miliyan 50, ranar 21 ga Yuli ya janye, Kamala Harris ta maye gurbinsa.

Baƙo yana da dalilin sauraro da kunnen basira fiye da ɗan gida, domin shi ake tattaunawa. A muhawarar Filadelfiya Trump ya ce 'yan Haiti da ke Springfield ta jihar Ohayo suna cin karnuka da kyanwoyin mutane. Hukumomin garin sun ce babu hujja, amma cikin kwanaki aka yi ta aiko da barazanar bam har aka rufe makarantu. Magana ta rabin minti ce, mutanen da ba su da ƙuri'a suka ɗauki nauyinta. Abin da ya kamata mai sauraro ya riƙa yi wa kowane alkawari shi ne tambaya ɗaya: shugaba zai iya wannan da alƙalaminsa, ko sai majalisa? Ƙara yawan girin kad ko ba marasa takardu hanyar zama 'yan ƙasa sai majalisa, kuma an yi shekaru ana alkawarinsu ba su wuce ba. Amma hana 'yan wata ƙasa shigowa, da yawan 'yan gudun hijirar da za a karɓa, da tsananin kame, waɗannan a hannun shugaba suke. A farkon 2020 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama, Biden ya soke ranar da aka rantsar da shi a 20 ga Janairun 2021. Adadin 'yan gudun hijira ya tashi daga 15,000 a ƙarshen mulkin Trump na farko zuwa 125,000 a zamanin Biden. Wanda ke jiran matarsa ko mahaifiyarsa, waɗannan ne maganganun da suka shafe shi.

Wani abin da ke rikita sabon zuwa shi ne ya ga jiharsa shiru, wata kuma kamar za ta kama da wuta. Ba yawan ƙuri'un ƙasa ke ba da kujerar ba, wakilan zaɓe 538 ne da aka raba wa jihohi, ana neman 270. Ban da Maine da Nebraska, wanda ya ci jiha ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce ya kwashe wakilanta duka. Kalifoniya mai 54 da Niyok mai 28 an san inda suka karkata, don haka ba a ɓata kuɗi a kansu. A 2024 faɗan ya tattara a jihohi bakwai: Pensilbaniya, Jojiya, Karolina ta Arewa, Mishigan, Arizona, Wiskonsin da Nebada, wakilai 93 gaba ɗaya. Trump ya cinye su duka, ya tashi da 312, Harris 226. A 2016 Hillary Clinton ta fi shi ƙuri'a da kusan miliyan uku ta faɗi. Wannan lissafin ne ya sa ƙaramar al'umma a jihar da ake takaddama take da nauyi: a fidda gwanin Dimokurat na Mishigan a Fabrairun 2024, mutum sama da 100,000 suka zaɓi “ba mu tsayar da kowa ba” saboda yaƙin Gaza, bayan kamfen da Larabawa da Musulmin yankin Dearborn suka jagoranta. Babu kuma hukuma ɗaya ta ƙasa da ke sanar da sakamako. Jihohi da gundumomi ke ƙirga, kafafen labarai su yi hasashe. A 2020 sai Asabar, kwana huɗu bayan zaɓe, aka bayyana Biden, saboda ƙirgar ƙuri'un gidan waya. Jinkiri irin wannan ba shi ne shaidar maguɗi ba, ko da rukunin WhatsApp ya rantse.

A wurin aiki a yi hattara. 'Yancin magana da tsarin mulki ya bayar kariya ce daga gwamnati, bai ɗaure kamfani ba. A kusan duk jihohi, ban da Montana, mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci ba tare da ba da dalili ba, in dai ba don launi ko addini ko asali da makamantansu ba ne, kuma ra'ayin siyasa ba ya cikin abin da dokar tarayya ta kare; wasu jihohi ne suka ƙara shi da kansu. Direban haya da fasinja ya tambaya wa yake so, a ganina amsar da ta fi ita ce ya mayar masa da tambayar ya bar shi ya yi ta zuba, don taurarin yabo da fasinja zai ba shi a manhajar waya su ne abincinsa. Abin da aka rubuta a Facebook kuma yana daɗewa: tun 2019 fom ɗin biza ke neman sunayen shafukan sada zumunta na shekara biyar da suka wuce. Sukar ɗan takara halal ce, amma barazana ga shugaba ko ɗan takara, ko da raha aka yi ta, laifin tarayya ce, kuma rubuta ta da Hausa ba ya ɓoye ta.

Wanda Allah ya kai shi ranar rantsuwa, bayan shekara biyar da girin kad ko uku ga mai aure da ɗan ƙasa, ya yi rajista a makon, kada ya jira kakar zaɓe. Teksas na rufe rajista kwana 30 kafin zaɓe, Niyok kwana 10, wasu jihohin kuma har ranar zaɓen ana yi. A Niyok sai wanda ya rubuta jam'iyya a fom ɗinsa ke shiga fidda gwaninta. Ranar zaɓe kullum Talatar da ta biyo Litinin ta farko a Nuwamba ce, ta shugaban ƙasa a 2028 ita ce 7 ga Nuwamba. A bar hula da rigar ɗan takara a gida, don an hana kamfen kusa da rumfa, ƙafa 100 a Niyok, 150 a Jojiya, kuma a Niyok ɗaukar hoton takardar da aka dangwala laifi ne. A sauke samfurin takardar daga shafin ofishin zaɓe tun kafin ranar, domin ba sunan shugaba kaɗai ke kanta ba. Akwai 'yan majalisa, a wurare da yawa akwai alƙalai, mai gabatar da ƙara, kwamitin makarantu, da shugaban 'yan sandan gunduma, wanda a jihohi da dama shi ke yanke ko gidan yarinsa zai riƙa miƙa mutane ga jami'an shige da fice.