Kafin ka zagaye fulotinka da katanga a Kano ko Zariya

Mutane da yawa na ɗauka cewa izini sai za a gina ɗaki ake nemansa. Ba haka ba ne. A wurin hukuma katanga ma gini ce, kuma ita ce jan fentin hukuma, alamar saɓa ƙa'idar gini, yake fara hawa, domin ita ke bakin hanya.

Kano da Zariya maƙwabta ne, amma hukumominsu daban. A Kano hukumar tsara birane, KNUPDA, ce ke ba da izinin gini, Zariya kuwa tana ƙarƙashin takwararta KASUPDA ta jihar Kaduna, takardun filinta kuma suna hannun KADGIS, hukumar filaye ta jihar. Tsayin katanga da ratar da za ka bari daga titi suna bin tsarin jihar da na unguwar, don haka kada ka yarda da maginin da ya ce maka "haka muke yi a Kano" alhali fulotin yana Samarun Zariya. Abin da aka buga wa hatimi a taswirarka shi ne doka.

Wasu ƙa'idojin na tarayya ne, ba ruwansu da iyakar jiha. Babbar hanya irin ta Kano zuwa Zariya tana da haƙƙin mita 45.72 daga tsakiyarta a kowane gefe. Wayar wuta mai kilobolt 11 ko 33 ana bar mata mita 5.5 kowane ɓangare, mai 132 mita 15, mai 330 kuma mita 25. Duk wanda ya shiga ciki, rusau yake jira.

Fara da kiran safiyo ya tono turakun iyaka, maƙwabci da mai unguwa suna tsaye. Ka sa faɗin bulo gaba ɗaya ya faɗo cikin filinka. Taku ɗaya da aka ci na lungu ko na maƙwabci yakan kai mutane kotu shekara da shekaru, kuma zumunci ba ya komawa yadda yake.

Fuloti mai ƙafa 50 da 100 zagayensa kusan mita 91 ne. Kowane layi zai ci bulo kusan 200, layi goma kusan 2,000 ke nan, a cire gurbin get. Yi amfani da bulo mai inci 9 a tushe, ka zuba ginshiƙi mai rodi huɗu na milimita 12 duk bayan mita 3, da kowace kusurwa da gefen get. Doguwar katanga mai inci 6 da ba ginshiƙi, iskar farkon damina ma ta isa ta kwantar da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. A zagaye fili ruf ba a bar kafa ba, ruwan Agusta ya taru a ciki, ya jiƙa tushe, katangar ta kife waje, inda yara ke wasa. Bar ramuka a layin ƙasa ta ɓangaren gangare, su zuba cikin lambatu, ba gidan maƙwabci ba. Lambatun kuma na jama'a ne, ba a ɗora tushe a kansa.