Shekara shida daga sakandare zuwa digirin harhaɗa magunguna

A Amurka, mai son zama masanin harhaɗa magunguna sai ya yi digirin PharmD, wanda yake cin shekara huɗu a yawancin makarantu, kuma da yawa sukan kammala digirin farko tukuna, karatun ya kai shekara takwas. Amma jami'o'i irin su Rutgers a New Jersey da St. John's a New York suna ɗaukar ɗalibi kai tsaye daga sakandare, ya share fage shekara biyu da kimiyyar sinadarai da ta halittu da lissafi, sannan ya zarce zuwa gurbin da aka riga aka tanadar masa a karatun PharmD na shekara huɗu, jimla shekara shida maimakon takwas.

Ina ganin alherin tsarin, domin kuɗin makaranta na shekara biyu ba ƙaramin nauyi ba ne a wuyan iyaye, ko da yake wanda makinsa ya gaza zai iya rasa gurbin. Abin da ya fi damuna shi ne matashi ɗan shekara 18 ya ɗaure kansa da sana'ar da bai taɓa tsayawa bayan kantarta ba, yana tantance takardar likita, marasa lafiya sun yi layi suna jira.