Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar Da Aka Damƙa Min Akwatunan Taimkod

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan makon. Wanda ya bi kashi na 13 ya san inda muka tsaya, na bar riƙe sandar bum kawai, wato doguwar sandar da ake ɗaura wa makirfo a wajen ɗaukar fim, na fara zama kusa da maigidana a gaban rikoda, sai ga aikin shiri mai dogon zango ya faɗo mana, kyamara uku za a riƙa kunnawa lokaci guda.

To a nan ne fa rigima ta fara tsakaninmu da ɗakin edita. Mu masu sauti ba a cikin kyamara muke ɗaukar murya ba, rikodarmu daban take, hoto na can sauti na nan, sai an koma wajen edita a haɗa su baki ya dace da magana. Tun zamanin da abin da ake yi shi ne a buga kilafa, wannan allon da ake rubuta lambar sin (fitowa) da tek (karo na nawa ake ɗaukarta) a kai, edita ya nemo daidai fureim ɗin, wato hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, da katakon ya rufe ya ɗora shi a kan ƙarar "ƙas" ɗin da ke cikin sauti. Da kyamara ɗaya ba matsala. Amma kyamara uku, ɗaya na can nesa da dogon lens ba ta ma ga allon ba, ɗaya an kunna ta a makare, darakta kuma in abu ya yi masa daɗi sai ya ce kar a yanke a ci gaba a maimaita, wani lokacin mai kyamara ya kashe ya sake kunnawa a tsakiya ba wanda ya sani, duk wannan kayan a kan mutum ɗaya yake zubewa da daddare.

Editan namu dattijo ne mai haƙuri, amma wata rana da na kai masa katin sauti sai ya ce min, "Zo nan ƙanena ka zauna." Ya buɗe min wani sin na mutum huɗu suna gardama, yana jan sautin gaba da baya da linzami yana kallon leɓen wata jaruma, ya matsa fureim ɗaya ya saurara, ya dawo biyu ya saurara, idonsa ya yi ja wur. Ya ce, "Ka ga wannan? Ban fara edita ba fa, haɗa baki kawai nake tun ɗazu." Wallahi tausayinsa ya kama ni sosai, don ni a tunanina in mun ɗauki murya tsaf aikinmu ya ƙare.

Na faɗa wa maigida, bai ce komai ba, bayan ƴan kwanaki sai ga shi da wata ƴar jaka, a ciki ƙananan akwatuna baƙaƙe kowanne bai cika tafin hannu ba, da tarin gajerun kebul. Ya miƙo min ya ce, "Daga yau kai ne mai agogo." Na ce, "Oga ni ban taɓa riƙe irin wannan ba." Ya ce ai shi ya sa.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda ba ɗan harkar ba. Taimkod lamba ce da ake ba kowane fureim na hoto, gida huɗu take da shi, awa, minti, sakan, da fureim, misali 10:42:17:08. Ba sabon abu ba ne, tun 1967 wani kamfani a Amurka mai suna EECO ya fito da tsarin don gyaran bidiyon tef, daga baya ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta mayar da shi ƙa'idar da kowa ke bi. Idan kyamara da rikoda duk suna kan lamba ɗaya, edita zai zaɓi fayilolin ya danna sau ɗaya su jeru da kansu. Fayil ɗin sautinmu ma, wanda ake kira BWF, yana ajiye lokacin da aka fara ɗauka a cikinsa, yana lissafawa daga sha biyun dare.

Sai dai agogon da ke cikin yawancin kyamarori ba abin dogaro ba ne, ka saita shi da safe kafin rana ta yi tsaka ya zame, kuma a tsarin fureim 25 a sakan kowane fureim ɗaya milisakan 40 ne kacal, in ya zame biyu ko uku mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Su waɗannan akwatunan abin da ake saye a jikinsu shi ne agogon ciki, wani ɗan kiristal ne da aka yi shi yana gyara kansa in zafi ko sanyi ya canza, masu kyau daga cikinsu ba sa zamewa fiye da fureim ɗaya a awa 24. Akwai Lockit na kamfanin Ambient da Tentacle Sync duk daga Jamus, akwai UltraSync na Timecode Systems daga Ingila wanda Atomos ta saye, akwai TC-1 na Deity, sai kuma su Denecke na Amurka da suka yi suna wajen kilafa mai nuna lambar da jan haske.

Daren da na fara zama da su ban yi barci da wuri ba. Na jera su a kan tebur na kunna, kowanne fitilarsa na ƙiftawa a lokacinta daban, na buɗe manhajar a waya ta gano su ta Bluetooth ɗaya bayan ɗaya, na zaɓi fureim 25 a sakan, na zaɓi su riƙa tafiya da lokacin agogo ba tare da tsayawa ba ko ana ɗauka ko ba a ɗauka, na danna jam, maɓallin da ke ɗora su duka a kan lamba ɗaya. Nan take fitilun nan suka fara ƙiftawa tare, gaba ɗayansu, ba na gaba ba na baya. Na daɗe ina kallonsu gaskiya.

Abin da na fahimta a daren, kuma har yau nake ga mutane da yawa ba su gane shi ba, shi ne kalmar "mara waya" da ake kiran akwatunan da ita tana sa su zaci akwai wani akwatin uwa da ke ta aiko wa sauran da lokaci ta iska duk sakan, in an yi nisa komai ya lalace. Ba haka ba ne. Kowane akwati da agogonsa yake tafiya, iskar aikinta ta daidaita su da kuma nuna maka halin da suke ciki, wasu nau'in suna ci gaba da gyara juna in suna kusa, amma ko mai kyamara ya hau mota ya tafi wani lokeshan akwatinsa zai ci gaba da ƙirga daidai har ya dawo. Kuma daga akwati zuwa kyamara dole dai sai da kebul a mafi yawan lokuta, manyan kyamarori na da ƙofar taimkod tasu, wata bakin kebul ɗinta irin wanda ake kira BNC ne, wata Lemo mai fil biyar, kowacce da irin nata.

Kyamararmu ta uku ƙarama ce irin ta masu ɗaukar hoto, ba ta da wannan ƙofar sam. Irin wannan sai dai a tura mata lambar a matsayin sauti ta ramin makirfo, don shi taimkod ɗin da ake kira LTC asalinsa sauti ne, bit 80 ne a kowane fureim. Na manna akwatin a saman kyamarar na sa kebul na rage ƙarfin sigina don kar ya fashe, mai kyamarar ya sa hedifon ya fizge da sauri, ya ce, "Malam ka lalata min kyamara!" don ƙarar kamar ta gyare take da tsakar dare, tsiiiii ba tsayawa. Na ce, "Yi haƙuri yayana, wannan kukan shi ne aikin, a kunne ɗaya kawai yake, ɗaya kunnen muryar ɗaki ce." A ɗakin edita manhaja irin su DaVinci Resolve tana karanta kukan ta mayar da shi lamba. Sai dai a gargaɗi duk wanda zai kalli fayilolin da farko ya kashe wannan layin kafin ya ƙure sifika.

Kwanakin farko komai ya tafi sumul, har wata rana bayan hutun rana. Wayata na nuna duk akwatuna lafiya, batir cike, lamba ɗaya. Amma maigida ya riga ya koya min cewa waya akwati kawai take gani, ba ta ganin abin da kyamara ta yi da lambar da aka ba ta, don haka duk bayan hutu nake zagayawa in leƙa allon kowace kyamara da idona. Da na zo ta biyu sai na ga lambarta ta sha bamban da tawa. Ashe da safe an ɗauki wani yanki na tafiyar hawainiya, wajen mayar da saitin sai aka bar ta a fureim 23.976 a sakan maimakon 25, kuma wajen canza batir kebul ɗin ya ɗan zare. Na matsa kusa da mai kyamarar na faɗa masa a kunne, ba a gaban darakta ba, ya duba ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka," aka gyara kafin a kira akshin.

Su waɗannan lambobin masu ɗigo, 23.976 da 29.97, ciwon kai ne da aka gada daga Amurka, a 1953 da za su sa kala a talabijin suka ɗan rage gudun hoton daga 30, shi ya sa a 29.97 lambar ke baya da agogon bango da sakan 3.6 duk awa, har aka ƙirƙiro tsarin tsallake lamba biyu a farkon kowane minti ban da kowane minti na goma. Lamba kawai ake tsallakewa, hoto ko ɗaya ba ya ɓata. Ni dai shawarata ga duk mai sauti, kafin ranar farko ka sa furodusa da mai kyamara da edita su yarda a kan adadin fureim a sakan guda ɗaya, a rubuce.

Kuma ban yarda da masu cewa tunda akwai taimkod a ajiye kilafa ba. Kebul na zarewa, batir na mutuwa, sannan allon ne ke faɗa wa edita wane sin ne wane tek ne. Mun ci gaba da bugawa duk tek, maigida ko kusa bai yi sassauci a kan wannan ba.

Ƙarshen makon da na kai kati, editan ya zaɓi fayilolin yini guda a gabana ya danna, suka jeru, ya kunna sin ɗin farko ya kalli leɓe, ya tsallaka tsakiya ya kalla, ya juyo ya ce, "Ƙanena yau da wuri zan koma gida." Daga nan ne ya fara ba wasu furodusoshi lambata, kuma ta hanyarsa na samu aikin farko da ni ne shugaban sauti, ɗaukar wani taro da kyamarori za su yi awa biyu suna gudu ba a yanke ba.

A wannan aikin ne na tarar farkon fayil ya dace tsaf amma can ƙarshe baki ya zame, alhali taimkod ɗin lafiyarsa lau, don shi farkon ɗauka kawai yake bugawa hatimi, ba ya riƙe gudun kyamara, wannan aikin genlok ne, sigina da ke sa kyamara ta yi gudu daidai da agogon waje. Yadda muka kwashe da wannan taron sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.