Ƙura a cikin lens: ta inda take shiga, da wadda ta cancanci damuwa

Duk lens (bututun gilasan da ake ɗaura wa kyamara) da yake ƙara tsawo in an murza zum don kusanto da abin da ke nesa, aikin zugazugin maƙeri yake yi. Ɗauki lens mai zum na 70-300mm, irin wanda mai hoto zai shiga Yankari da shi. In faɗin bututunsa santimita 6 ne, ya kuma fito da tsawon santimita 5, gurbin da ya buɗe a ciki ya kai kimanin mililita 140, kuma dole iska ta cike shi. Tana shiga ta tsakanin bututun ciki da na waje, ta ƙarƙashin zoben murzawa, har ta baya daga cikin kyamarar. Da ka mayar da shi sai ya feso ta, wani kaso ya nufi sensa, wato farantin da ke kama hoton a cikin kyamara. A watannin hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, iskar nan ɗauke take da ƙurar da ta taso tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mai laushi kamar gari. Ranar hawan sallah a Bauchi ko Gombe kuwa, ga ta kofaton dawaki a kai.

Akwai lens ɗin da zum ɗinsu a ciki yake gudana, kamar EF 70-200mm f/2.8 na Canon: gilasan suna kai da komo, tsawon jikin bai canza ba, don haka iskar cikin ce kawai take zagayawa. Sun fi tsada, sun fi nauyi. Lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, domin RF 70-200mm f/2.8 na 2019 fitowa yake yi. Fokas ma, wato daidaita kaifin hoto, haka ne. Ƙaramin 50mm f/1.8 na Canon gilasansa gaba ɗaya suke motsawa gaba da baya, shi kuwa mai alamar IF (fokas na ciki) ƴan gilasai ne a tsakiya suke motsi. Robar da ake sa wa bakin lens mai tsada tana rage shigar ƙura ne kawai, ba ta hanawa, tun da in aka toshe iska gaba ɗaya zum ba zai murzu ba. Wasu ma, irin EF 17-40mm f/4L, sai an ɗaura musu filta, wato gilashin kariya, a gaba kariyar take cika.

Ƙurar da kake hangowa in ka haska tocila cikin gilashi, yawancinta ba ta fitowa a hoto. Ta yi nisa ƙwarai da inda hoton yake haɗuwa, sai dai ta tare ɗan haske da ba a ji. Sai ta yi yawa har ta zama hazo kafin ka ga launi ya dusashe in ka fuskanci rana. Ɗigon baƙi da yake ɓata sararin samaniya a hotonka, kusan kullum a kan sensa yake. Gwajin ba wuya: tsuke ƙofar hasken lens zuwa f/16 ko f/22, ka sa ƙarfin jin haske na sensa (ISO) a 100, ka kawar da fokas, ka ɗauki farin bango. Canza lens ka sake ɗauka. In ɗigon bai gusa daga wurinsa ba, lens ba shi da laifi.

Shi ya sa kwance lens saboda ƴan ƙwayoyin ƙura asara ce. A ƙarƙashin wasu gilasan akwai siraran wosha da aka daidaita a masana'anta. Ɗaya ta sauya wuri, gefen hoto ya daina kaifi. Ga siririyar wayar da ke kai wa motar fokas wuta, jan ta kaɗan take tsinkewa. Ɗakin da za a buɗe shi ma ya fi cikin lens ɗin ƙura.

Abin tsoro shi ne yashi. In ya shiga tsagin da zum yake bi ya cakuɗe da giris, sai ka ji ƙaras-ƙaras, yana cin roba da ƙarfe a hankali. Da ka ji haka ka daina murzawa, ka kai wa mai gyara. Kafin ka mayar da bututun da ya fito, share shi da buroshi mai laushi, in ba haka ba da hannunka ka tura ƙurar ciki. Gilashin gaba kuma a fara hure shi da famfon roba, sannan buroshi, ƙyalle ya zo ƙarshe da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan goge lens a jikin ƙyallen. Gefen riga ko bakin rawani a kan busasshiyar ƙura, shi yake kankare siririn rufin da aka shafa wa gilashin a masana'anta. Wajen canza lens, kashe kyamara, ka juya bakinta ƙasa, ka ba iska baya. Cikin mota da tagogi a rufe ya fi.

Da damina ta sauka lissafin ya sauya. Ƙurar da ta kwanta a ciki tana ɗauke da irin fumfuna, laima ta daɗe sama da kashi 70 cikin 100 sai ta tsiro kamar zare, tana cin rufin gilashi har gogewa ba ta mayar da shi. A Yuli da Agusta kada lens ya kwana a jakar da ta jiƙa. Sa shi a robar da murfinta yake kamawa sosai, da ƙunshin silika (ƙwayoyin da ke tsotse laima), laimar ciki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 50. In silikar mai sauya launi ce, da ta sauya ka busar da ita da ɗan zafi ka mayar.