Farautar elki a duwatsun Kolorado: daga saitin bindiga zuwa dakon nama

Tunda na dawo mutane ke ta tambayata wai yaya aka yi na shiga dajin turawa farauta, wasu ma cewa suke ai Amurka ba daji sai benaye. To bari in ba ku labarin yadda ta kasance. A Denba nake aiki, babban birnin jihar Kolorado, kuma wani abokin aikina ɗan asalin jihar shi ya dame ni shekara da shekaru in bi su farautar elki shi da kawunsa, wani dattijo da ya tsufa a cikin harkar. Elki dabba ce dangin barewa amma ƙatuwa, in ka san gwanki to wajen girmansa ne ko ma ya ɗara, namijin yakan kai kilo 300 kuma ƙahonsa reshe-reshe ne, duk shekara ya zubar ya sake fid da sabo. Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawansu.

Abu na farko da ya kamata ku sani, a can ba a saɓa bindiga kawai a faɗa daji. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta ya karɓi kati kafin a sayar masa da lasin, hukumar gandun daji da namun dawa ta jihar ce ke kula da wannan. Lasin kuma na dabba ɗaya ne tak, an rubuta namiji ko mace, an rubuta yankin, an rubuta ranakun. Wani lasin sai an yi ƙuri'a ka jira rabonka, wani kuma kana zuwa kanti za ka biya a miƙo maka, irinsa na saya, na namiji, na ƙarshen Oktoba.

Amma ni inda tafiyar ta fara min da gaske filin gwajin harbi ne, tun ana saura wata biyu. Bindigar da na saya mai cin harsashi .30-06 ce, tsohon samfurin da sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1906 kuma har gobe maharba ba su sake shi ba. Dokar jihar ta ce kar faɗin harsashi ya gaza inci 0.24, na elki kuma kar nauyinsa ya gaza giren 85 (giren ɗan ƙaramin ma'auni ne da ake auna nauyin harsashi da shi), kuma ya zama mai buɗewa in ya shiga jiki. Dattijon ya ce in ɗauki mai giren 180 in tsaya a kansa, kamfani ɗaya samfuri ɗaya, wanda na saita da shi shi zan shiga daji da shi, domin ko kwali ka canza inda harsashi ke faɗawa na iya canzawa.

Dattijon ne ya ɗora min madubin saiti a kan bindigar, irin mai kusanto da abu ninki 3 zuwa 9. Wallahi yadda mutumin nan ya bi abin a hankali ya burge ni. Ya sa na sako jibgegiyar rigar sanyin da zan sa a daji duk da ana zafi ranar, ya ce in rufe ido in ɗaga bindigar in kwantar da kumatu a gindinta yadda ya yi min daɗi, sannan in buɗe ido. In na ga baƙi ya zagaye hoton to madubin bai zauna ba, sai ya ɗan ja shi gaba ko baya mu sake, har sai da ya zama ina buɗe ido hoton na cika tas, kuma akwai tazarar kamar yatsu huɗu tsakanin idona da gilashin saboda in bindiga ta yi shuri kar ta fasa min gira. Sannan ya sa ɗan ma'aunin ruwa irin na magina ya tabbatar layin da ke cikin madubin ya miƙe bai karkace ba, ya ɗaure notika da sukundireba mai awo, ɗaya nan ɗaya can a hankali, ya ce in ka matse da ƙarfin tsiya ka lotsa bututun madubin, in ka bar shi sako-sako kuma kowane harbi sai ya gusa.

Daga nan muka zare makullin bindigar, wato ƙarfen da ke toshe bayan bututu, muka kwantar da ita kan buhunan yashi, na leƙa ta cikin bututun na daidaita shi da ɗigon takarda a yadi 25, sannan aka murɗa madubin har shi ma ya kalli ɗigon. Wannan don harsashin farko ya taɓa takarda ne kawai. Muka koma yadi 100. Ana harba uku, a duba tsakiyar inda suka taru, da wannan tsakiyar ake gyara, ba a bin harsashi ɗaya-ɗaya ana murɗe-murɗe. Kowane ƙas ɗaya na maɓallin madubin yana gusar da harsashi rubu'in inci a yadi 100, kenan in ka kauce inci 2 hagu sai ka murɗa ƙas 8 dama. Tsakanin harbi kuma a jira bututu ya huce, don a daji harbin da zai yi aiki daga bututu mai sanyi zai fito. Mun bar ta tana bugun inci 2 sama da ɗigo a yadi 100, wanda hakan ke sa ta faɗa daidai a yadi 200, a yadi 300 ta sauka kusan inci 8, a yadi 400 kuma kusan ƙafa 2. Na rubuta lambobin a takarda na manna da salatif a gindin bindigar.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Dattijon ya kwashe buhunan yashin ya ce a daji ba tebur. Na dinga zuwa duk ƙarshen mako ina harbi a zaune, a durƙushe, rub da ciki da bindigar kan jakar goyo, wani lokaci ya sa in yi gudu in dawo ina haki sannan in harba. Ya kafa farantin takarda ya ce nisan da duk harsashinka ke shiga farantin nan ba kuskure, nan ne iyakarka, ko bindigar za ta kai mil ɗaya ba ruwanka. Nawa ya tsaya a yadi 250. Da na ce masa ai na ga samari a intanet suna kayar da dabba daga yadi 700, sai ya kalle ni ya ce: "Yaro, waɗanda suka karya wa ƙafa suka gudu da ita ba sa sa su a bidiyo." Maganar nan ta zauna min, don mu ma abin da addini ya koya mana kenan, in za ka yanka ka wasa wuƙa ka hutar da dabba. Ni a wajena saitin bindigar nan shi ne wasa wuƙar, haƙƙin dabbar ne ba gayu ba.

Ranar tafiya tun asuba muka kama babbar hanya mai lamba 70 muka yi yamma. Denba kanta tana mita 1,600 sama da teku, amma kafin ka ankara mota ta haura ramin Eisenhower da aka fasa ta cikin dutse a wajen mita 3,400, kunnuwana suka toshe. Muka gangara ta kwazazzabon Glenwood inda hanya ke bin kogin Kolorado tsakanin bangayen dutse, a garin Rifle muka karya arewa zuwa Meeker, nan muka sha mai muka sayi abin da ya rage. Ƙaramin gari ne amma lokacin farauta ko'ina akori-kura ne da mutane sanye da hular ruwan lemo. Nan Theodore Roosevelt ya zo farautar damisar dutse a 1901 kafin ya zama shugaban ƙasa. Kuma ƙasar asali ta ƙabilar Ute ce, bayan rikicin 1879 aka tashe su aka kora su Utah, abin da na dinga tunawa kenan muna bin kogin White muna haurawa gabas, irin wannan ƙasa mai ruwa da ciyawa da nama a ce an raba mutane da ita da ƙarfin bindiga.

Inda muka ajiye mota shi ne ƙarshen hanya, gaba kuma dajin Flat Tops ne. Dokar da aka yi a 1964 ta hana shiga irin wannan daji da mota ko babur ko keke, sai ƙafa sai doki. A tafkin Trappers da ke nan kusa ne a 1919 aka turo wani ma'aikacin gandun daji Arthur Carhart ya auna filayen gidaje, ya dawo ya ce a bar wurin yadda Allah ya yi shi, aka kuma bari. Ƙasar ta gwamnati ce, ta kowa da kowa, ba mai tare ka ya ce gonar ubansa ce, kuma kuɗin kula da dabbobin wani kaso daga aljihun maharba yake fitowa, tun 1937 akwai haraji na musamman kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100, da ake mayarwa jihohi don wannan aiki.

Muka goya jakunkuna muka kama hawa. Jama'a numfashi a wajen mita 3,000 wani abu ne daban, taku kaɗan sai ka tsaya kana jin bugun zuciyarka a kunne, ga ciwon kai, dattijon dai cewa yake sha ruwa, sha ruwa. Mun kafa tanti a gefen wani fili kusa da rafi. Da dare ruwan gora daskarewa yake sai ka kwana da shi cikin bargo, alwalar asuba kuwa sai na ɗumama ruwa a ɗan risho. Kafin mu baro mota sai da na sake gwada bindigar sau ɗaya don girgizar hanya, tana nan inda muka bar ta. Na manna salatif a bakinta kar dusar ƙanƙara ta shiga.

Farautar kanta yawanci zama ne da kallo. Doka ta ce harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma dole ka sa riga da hula masu ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli don wani maharbin ya gan ka. Sai mu hau tudu cikin duhu mu zauna mu dinga bin gangaren da ke fuskantarmu da abin hangen nesa. Abin da aka fi tsoro iska ce, don elki hanci gare shi. Da sassafe iska mai sanyi gangarowa take, rana na ɗumama dutse sai ta juya ta haura, dattijon yana da 'yar kwalbar hoda da yake fesawa ya ga inda ta nufa, in ta nufi dabbobin sai mu zagaya komai nisa. Kwanaki muka yi sai sawu sai kashi.

Wata safiya sai ga su, mata da 'ya'ya sun fito bakin kurmi, namiji a bayansu. Na'urar auna nisa ta ce yadi 410, tsakaninmu kwari ne ba wajen laɓewa. Na kwanta na sa shi a madubi, ina ganin tururin numfashinsa, hannuna har rawa yake. Ba wanda ya ce min komai. Na duba takardar da ke gindin bindigar, na mayar da makarin da ke hana bindiga tashi na zauna muna kallonsu har suka shige. Abokina ya ɗan ji haushi, ya ce ƙila ba za mu sake gani ba, kuma gaskiyarsa, mafi yawan masu irin lasin ɗina hannu rabbana suke komawa gida.

Allah da ikonsa, ana gobe za a rufe farautar, da la'asar sakaliya muna zaune ƙasan wani fili iska na dukan fuskarmu, wani namiji ya fito shi kaɗai daga cikin fararen bishiyoyin aspen. Dattijon ya ƙirga reshen ƙahon da abin hange, don a yankin sai mai reshe 4 a ɓari ɗaya ko mai dogon reshen goshi ake harbi, ya raɗa min cewa biyar ne, yadi 180. Na ɗora bindigar kan jaka, na jira ya juyo gefe ya tsaya, na sa layin bayan kafaɗa inda huhu yake, na ce Bismillahi Allahu Akbar na ja kunama a hankali. Ya zabura, bai yi taku ashirin ba ya faɗi. Na riga na tambayi malaminmu tun kafin tafiya, ya ce in yi bismilla lokacin harbi, in na tarar da shi da sauran rai in yanka. Na isa da wuƙa a hannu yana ɗan motsi, na yanka.

Nan fa aiki ya tashi. Na sa hannu a takardar lasin na yage ta na ɗaura, muka kunna fitilun goshi muka shiga fiɗa. Ba a jan elki, a nan inda ya faɗi ake sassara shi, cinyoyi biyu, karfata biyu, naman gadon baya da na ciki, wuya da haƙarƙari, kowanne cikin buhun yadi don ya sha iska. Barin nama ya lalace a daji laifi ne babba a dokar jihar, kuma sai ka bar alamar da ke nuna namiji ne manne da cinya ɗaya don jami'in da zai duba. Turawan za su bar hanta da zuciya da harshe, na ce a'a, waɗannan nawa ne. Muka rataye buhunan a reshe nesa da gawar saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai cin nama, muka goya na farko muka kama hanya cikin dare, ƙafa na nutsewa cikin ƙanƙara, igiyar jaka na yankan kafaɗa. Washegari haka muka wuni sawu bayan sawu tsakanin dutsen da mota, dattijon da ya haura saba'in yana gaba da nasa kayan.

A hanyar dawowa na kai kan dabbar aka ɗauki samfur don gwajin wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama irin waɗannan dabbobi a wasu yankunan jihar, na bar naman a firiza har sakamako ya fito lafiya lau. Naman ja ne wur, kusan ba kitse, in ka daɗe da shi a wuta sai ya bushe. Na raba wa abokina da kawunsa nasu, na kai wa 'yan uwa Hausawan Nijeriya da Nijar da Gana da muke haɗuwa a masallaci, uwargida ta yi dambun nama da cinya ɗaya, gadon bayan kuma muka yi tsire da ƙuli-ƙulin da aka aiko mana daga gida. Mutum biyu cikinsu har sun yi rajistar kwas ɗin koyon farautar, mun yi da su za mu fara zuwa filin gwaji tun watan Yuli.