Wata 6 da tsohuwar 300 SE: inda aikin ya kai

'Yan uwa abokan koyo, barkanmu da aiki. Yau wata 6 ke nan cif da na shigo da Mercedes-Benz 300 SE ƙirar 1988 gida, kuma littafin da nake rubuta duk abin da na taɓa a jikinta ya kusa kai rabi. Na ga ya dace in buɗe muku shi, musamman ku da kuka sayi irin waɗannan motoci kwanan nan kuke ta tambayar ta ina za a fara.

Ga wanda bai san ta ba, tana cikin zubin da kamfanin ya kira W126, wanda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Frankfurt a 1979. Tawa tana cikin waɗanda suka biyo bayan kwaskwarimar 1985, lokacin da aka kawo injin M103: silinda 6 a jere, lita 3, gangar jikinsa ƙarfe, kansa kuma alminiyom. Ni dai ƙarar rufuwar ƙofarta ce ta fara sace mini zuciya, sai kuma yadda take kwanciya a kan titi, ba rawa ba ƙara.

Wata na 1 da na 2

Ban taɓa fenti ba, ban taɓa kujeru ba, ko da yake su ido ke fara gani. Motar ta yi shekaru a ajiye, kuma zama ya fi tafiya cin mota. Ƙarfen yana nan da ƙarfinsa. Roba da ruwayen da ke cikinta su ne suka tsufa, don haka da su na fara. Na juye baƙin mai, na canza filta, na canza man giya, na wanke lagireto na zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Kada ku zuba wa injin mai kan alminiyom ruwa zalla, a hankali yake cinye shi daga ciki.

Man birki ne ya fi ba ni tsoro. Ya fito baƙi wuluk. Irin wannan mai yana shan danshi daga iska, kuma danshin yana rage masa juriyar zafi. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 na ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. Idan ya tafasa kana gangara, ka taka birki ya lume ƙasa, babu abin da zai kama. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2 ko da motar ba ta je ko'ina ba. Na haɗa da tiyon roba huɗu da ke kai mai ga ƙafafu, domin biyu sun tsattsage.

Tayoyin kuwa zanensu kamar sababbi, amma da na duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefensu sai na ga 2311, wato mako na 23 na shekarar 2011. Na cire su duka.

Wata na 3 da na 4

Nan ne na sha wuya, kuma nan ne na fi ƙaruwa, don haka ku yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Da safe motar tana tashi da bugu ɗaya. Amma in na yi tafiya ta yi zafi, na kashe ta na minti 20 ko 30, sai ta ƙi tashi. Sitata ya yi ta juyi har batir ya fara gajiya, sannan ta kama da kyarma, sai na ɗan taka totur kafin ta daidaita. Abin da na fara yi shi ne abin da yawancinmu ke yi: sayen kaya da ka. Na canza fulogi 6. Na canza murfin dalko, wato mai raba wa fulogi wuta, da abin da ke juyawa a cikinsa. Na canza ɗan rilen nan mai fiyus a ka wanda ke kare kwamfutar inji daga wutar da ta yi yawa. Duk waɗannan sun tsufa, ban yi nadamar canza su ba, amma ciwon yana nan inda yake.

Sai na ajiye sifana na zauna na karanci yadda wannan inji ke shan fetur. Ba shi da kafireto. Tsarin Bosch ne mai suna KE-Jetronic, kuma ya sha bamban da na motocin yanzu. Iskar da inji ke zuƙa ita ke tura wani faifai, faifan ya motsa ɗan sanda a cikin kan rabon fetur, shi kuma ya raba fetur zuwa nozul 6 ta bututun ƙarfe. Nozul ɗin ba su da waya ko ɗaya. Matsin fetur ne kawai ke buɗe su, kuma muddin inji na aiki fesawa suke yi ba tsayawa. Ke nan rayuwar tsarin gaba ɗaya a kan matsi take, sama da bar 5 a ma'aunin matsi lokacin da famfon fetur ke aiki.

Da na gane wannan sai zaren ya fara warwarewa. Bayan ka kashe mota, fanka ta tsaya, iska ta daina ratsawa, zafin inji sai ya taru a ƙarƙashin bonet. Fetur ɗin da ke cikin bututu, in yana cikin matsi, zai zauna a matsayin ruwa. In matsin ya zube, sai ya tafasa ya zama tururi, kuma tururi ba ya buɗe nozul. Da safe komai ya huce, ga kuma wani nozul na daban da ke taimaka wa inji mai sanyi, shi ya sa ba a ganin matsalar. Ruwa ba ya tsami banza.

Na sayi gejin auna matsin fetur, na ɗaura shi. Mota na aiki, allura ta tsaya daidai inda littafin gyara ya ce. Ina kashe ta, sai na ga allurar tana sauka a gabana, kafin minti 5 ta kwanta a sifili. Ya kamata ta riƙe matsi mai kauri har bayan rabin awa. Abubuwa kaɗan ne ke iya zubar da shi: nozul mai ɗiga, bawul ɗin bakin famfo da ke hana fetur komawa baya, mai daidaita matsi, ko kuma akumuleta. Wannan na ƙarshe ɗan tulun ƙarfe ne a ƙarƙashin mota ta baya, kusa da famfo da filta, da sifirin da tantanin roba a ciki, aikinsa riƙe matsi bayan an kashe inji. Na cire siririn tiyon da ke bayansa na toshe bakin tiyon, na kunna famfo na daƙiƙa biyu. Fetur ya tsiyayo ta inda bai kamata ya fito ba. Tantanin ya yage. Na sa sabo, na haɗa da bawul ɗin famfo da filta tunda ina wurin. Tun ranar ba ta sake yi mini gardama da zafi ba.

Abu biyu nake roƙonku a nan. Na farko, fetur mai wannan matsi ba abin wasa ba ne. Ku bar inji ya huce, ku cire kan batir kafin ku kwance bututu, ku nannaɗe mahaɗar da tsumma, ku ajiye tukunyar kashe gobara kusa da hannu, kuma ku yi aikin inda iska ke kaɗawa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ta haura kilo 1,500 jak kaɗai na riƙe da ita, a sa mata ƙafafun ƙarfe. Na biyu, akwai ɗan sukurun daidaita cakuɗin iska da fetur kusa da faifan nan. Hannu yana son zuwa wurin. Ku ƙyale shi sai kuna da na'urar aunawa, domin juyi kaɗan yake buƙata ya birkita muku silo, wato yadda inji ke juyawa in mota na tsaye, ku koma neman ciwo biyu maimakon ɗaya.

Wata na 5

Giyarta mai canza kanta, mai hawa 4, tana buga ni a baya duk sanda za ta shiga ta biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka giyar ce ta tafi. Wannan karon ban sayi komai ba sai da na bi layi. Giyar tana amfani da zuƙon iska daga inji don sanin ƙarfin da za ta canza da shi, kuma ɗan gwiwar roba da ke haɗa bututun ya bushe ya tsage. Guntun roba da bai kai tsawon yatsa ba. Na canza shi, na bi sauran na canza duk wanda ya taurare, har silo ma ya ƙara lafawa.

Wata na 6

Saura biyu a gabana. Baƙin mai yana tsattsafowa ta gaban inji, daidai inda murfin sarƙar taimin na sama ya haɗu da kan inji. Na wanke wurin tas, na ɗauki hoto, zan sake dubawa bayan kilomita 500 in tabbatar daga nan yake fitowa, ba daga gasket ɗin kai ba, domin aikin biyu ba ɗaya ba ne. Sai kuma ɗan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da take yi da safe na 'yan daƙiƙu, wanda nake zargin robobin wuyan bawul ne. Kafin in taɓa su zan auna matsin kowace silinda in rubuta.

Na ji ana iya canza waɗannan robobi ba tare da sauke kan inji ba, ta hanyar hura iska cikin silinda don ta riƙe bawul kada ya faɗa. Ban taɓa yi ba. Duk wanda ya yi da hannunsa a cikinku, don Allah ya faɗa mini irin abin matse sifirin da ya yi amfani da shi, da kuma yadda ya kai hannu ga silinda ta 6, wadda ke can ƙurya jikin bangon da ya raba inji da cikin mota.