Asubar da na ɗaga Gwaggo daga ƙasa

Shekara 6 ke nan ina jinyar Gwaggo, yayar mahaifina, a gidanmu da ke wani lungu bayan Shari' Mansur a Makka. Ta haura 80, ga suga, ga hawan jini, ga maganin tsinka jini da take sha kullum. Na san magungunanta kamar yunwar cikina, amma ranar da ta faɗi sai na yi abin da bai kamata mai jinya ya yi ba.

Wajen ƙarfe 4 na asuba ta tashi alwala, ta zame a ƙofar banɗaki inda ruwa ya kwanta a kan tayil. Na tarar da ita kwance a ɓarin hagu. Ban tambaye ta komai ba, na zura hannu ta hammatarta na miƙar da ita. Ta ce, "Bari kawai 'yar nan, targaɗe ne." Ta dafa ni ta taka zuwa gado, ni kuma na ɗauki wannan takun a matsayin shaidar babu karaya. Na shafa mata man zafi, na ba ta Panadol. Sai bayan la'asar da ta yunƙura ta saki ƙara, na yaye zanen, na ga ƙafar hagu ta gajarce, tafin ya kwanta ya kalli waje. Lokacin na kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya. Awa 12 bayan faɗuwa.

A asibiti aka yi mini bayanin da har yau yake ci mini rai. Wuyan ƙashin cinya yakan tsage ba tare da ya rabu ba, kuma tsoho zai iya takawa a haka. Ɗagawar da takawar su ne suke iya raba shi. Likitan bai ce ni na ƙarasa karayar ba, amma ni na san abin da hannuna ya yi. Kuma ita karayar ƙugu ana son a yi tiyatarta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ni kuwa na ɓatar da yini guda ina shafa man zafi.

Abin da ya hana ni kira tun farko shi ne haushin yadda muke wasa da motar is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, a unguwa. Saboda ba a biyan kuɗinta, wasu sun mai da ita tasi. Tsohuwa tana da ranar ganin likita, ba a son biyan kuɗin mota, sai a kira a ce numfashinta ya ɗauke. Tsoho ya sulale daga kujera zuwa kan darduma, lafiyarsa ƙalau, yana ta hira, sai a kira Hilal Ahmar, masu motar is'af, su zo su ɗaga shi alhali akwai samari uku a gidan. Motar da ta shigo lungunmu don wannan, ita ce wadda mai ciwon zuciya yake jira a Rusaifa ko Misfala. Na sha yi wa maƙwabta faɗa a kan haka, har na kai inda nake jin kunyar kira ko da ya dace. Da su da ni duk abu ɗaya muka tsallake: minti 5 na dubawa kafin a yanke shawara.

Dubawar kuwa a ƙasa ake yin ta, inda ya faɗi. Durƙusa kusa da shi, kada ka ja shi, kada ka zaunar da shi. Kira sunansa, ka ji ko maganarsa ta fita daidai. Tambaye shi yadda aka yi: santsi ne ya kwashe shi, ko jiri ne, ko bai ma san ya faɗi ba? Wanda bai tuna faɗuwarsa ba mai yiwuwa suma ya yi, wannan na asibiti ne. Shafa kansa ka nemi kumburi ko jini. Sa shi ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu. Baki ya karkace ko hannu ɗaya ya faɗi, shanyewar ɓarin jiki ce, ka duba agogo nan take, don allurar narkar da gudan jini tana da iyakar awa 4 da rabi. Yaye zane ka kwatanta ƙafafu biyu. Ciwo a matsematsi ko a ƙugu, ciwon wuya ko baya, ciwon ƙirji, ko ƙafar da ta juya, kowanne ya isa ka bar shi a kwance ka kira.

Mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin, Xarelto ko Eliquis, in dai kansa ya bugu a kai shi a duba ko yana dariya. Jini yakan taru a cikin kai a hankali, sai bayan awanni ko kwanaki a ga barci ya yi yawa, ko amai, ko ruɗewa. Wannan ma ban tambayi Gwaggo ba a daren. Allah ne ya rufa asiri kanta bai bugu ba.

Mai suga a gwada shi. In sugansa ya gaza 70 mg/dL kuma yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, dabino 3 ko rabin kofin lemon kwali, a sake gwadawa bayan minti 15. In ba wannan ba, wanda ake zargin karaya kada a ba shi abinci ko shayi, mai yiwuwa tiyata ce a gabansa. A kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a lulluɓe shi, don tayil yana zuƙe ɗumin jikin tsoho. Wanda kuma aka tarar ya fi awa guda a ƙasa, shi ma na asibiti ne ko babu karaya, saboda naman da aka danne yana iya taɓa ƙoda.

In duk wannan babu, ba ka buƙatar is'af, kujeru biyu masu ƙarfi kake buƙata. Ya juya gefe, ya tashi a kan gwiwa da tafin hannu, ya dafa kujerar da ke gabansa, ya kafa ƙafarsa mai ƙarfi, ya tura jikinsa sama, kai kuma ka turo ta biyun ta baya ya zauna. Aikinka riƙe kujera da dafa ƙugunsa. Shi zai tashi da ƙarfinsa, in ya ji zafi a tsaya. Jan hammata yana goce kafaɗa, yana yage fatar tsoho, yana kuma karya bayan mai jinya. In kana kokwanto, 937 na Ma'aikatar Lafiya yana nan dare da rana, likita zai saurare ka ya faɗa maka ko na asibiti ne.

Da za ka kira 997, ko 911 a nan Makka, faɗi gaskiyar abin da ka gani, kada ka ƙara gishiri don su yi sauri, kada ka rage don kunya. Lungunanmu ba sa shigo da mota, don haka tura yaro bakin titi ya tsaya, ka ba su sunan masallaci ko kantin da ke kusa. Manhajar As'afni tana tura musu inda kake kai tsaye. Kada neman takardu ya tsayar da kai, a kira tukuna, wani ya nemo su.

Gwaggo tana tafiya yanzu da ƙarfen dafawa mai ƙafa huɗu. Na sa maƙala a bangon banɗaki, na shimfiɗa tabarmar roba, na naɗe dardumar da bakinta yake tashi, fitilar hanya kuma ba a kashe ta. Kafin ta miƙe daga gado sai ta zauna minti 2, saboda maganin hawan jini yana sa mata jiri. Alwalar asuba kuwa a zaune take yin ta, da buta da roba a gaban gado, ni nake zuba mata ruwan.